Naman ɗawisun Agustin: Me Kiristanci ya aro daga masu bautar gumaka game da wutar lahira?

Wata rana a birnin Kartaj, inda ƙasar Tunisiya take a yau, an kawo wa Agustin dafaffen ɗawisu a wurin cin abinci. Sai ya yanki tsoka daga ƙirjin tsuntsun ya ce a ajiye masa. Da aka kwashe kwanakin da kowane irin nama zai yi ya fara ɗoyi, aka ɗauko, ko alamar wari babu. Aka ƙara wata guda, yana nan yadda yake. Aka shekara, sai dai ya ɗan bushe ya yamutse. Duk wanda ya taɓa ajiye kilishi zai yi murmushi ya ce to ina abin mamaki a nan? Amma Agustin, bishop ɗin Hippo da ya rasu a shekarar 430, wanda har gobe cocin Yamma ba ta yi malamin da ya kai shi tasiri ba, ba hirar girki ce ta kawo shi ba. Ya ba da labarin ne a kashi na 21 na babban littafinsa, Birnin Allah, don ya nuna cewa Ubangijin da ya hana naman ɗawisu ruɓewa, ba zai gagare shi ba ya hana jikin mai zunubi ƙonewa ƙurmus ko da zai dawwama a cikin wuta. Ya haɗa da duwatsun Sisili masu aman wuta, da suke ci tun kaka da kakanni ba su cinye ba, da wata 'yar ƙadangaruwa da mutanen da suka ɗauka a cikin wuta take rayuwa.

In ka ga malami yana tattaro hujja har da ta ɗawisu, to akwai masu ja da shi. Kuma ba masu bautar gumaka kaɗai ba ne. Agustin da bakinsa ya ce Kiristoci da yawa a zamaninsa ba su yarda azaba za ta dawwama ba, yana kiran su masu taushin zuciya. Gardamar nan ba ta mutu ba. A yau Shaidun Jehobah da 'yan Adventist da wasu malaman Furotesta suna cewa koyarwar azaba ta har abada kayan aro ce, daga Masar da Farisa da Girka aka kwaso ta aka lulluɓe da ayoyi. Ɗaya ɓangaren kuma su ce ai babu wanda ya ambaci wuta a Sabon Alkawari kamar Yesu da kansa, to shi ma aro ya yi?

Kafin a shiga, a gane su wa ake nufi da masu bautar gumaka. A wannan muhawara ana nufin duk al'ummar zamanin da wadda ba Yahudawa ba ce ba kuma Kirista ba: Babilawa, Masarawa, Farisawa, Girkawa, Rumawa. Bahaushe zai ce maguzanci, kuma akwai abin dariya a nan, domin masana harshe da dama suna ganin kalmar Maguzawa ta fito ne daga majus ta Larabci, wato Majusawa mabiya Zaradusht na Farisa, waɗanda su ma suna cikin waɗanda ake nuna wa yatsa.

Abin da ba a cika gardama a kansa ba shi ne, yawancin Tsohon Alkawari bai san gidan azaba ba. Kalmar da yake amfani da ita ita ce She'ol, ta zo wajen sau 65 a Ibrananci, kuma wuri ne da kowa ke zuwa, nagari da mugu. Sa'ad da aka kawo wa Yakubu rigar Yusufu jina-jina, cewa ya yi zai gangara She'ol wurin ɗansa yana makoki (Farawa 37:35). Ba mai cewa Yakubu yana nufin shi da ɗansa 'yan wuta ne. Ayuba, da ciwo ya ishe shi, roƙo ya yi a ɓoye shi a She'ol har fushin Allah ya wuce. Mai-Hadishi ya ce a can babu aiki, babu dabara, babu ilimi. Duhu ne da shiru da mantuwa. Idan za a yi maganar kama da maƙwabta, to a nan ma akwai ta: Babilawa suna kwatanta lahira da gidan ƙura, inda matattu ke zaune cikin duhu, ƙasa ce abincinsu, sarki da bawa duk ɗaya. Wato She'ol marar wuta da wasu ke riƙewa a matsayin tsantsar koyarwar annabawa, ita ma ba a rasa irinta a wajen masu bautar gumaka ba.

Wutar kuwa daga wani kwari ta shigo, kwarin da har yau ana iya takawa a kudu da tsohon birnin Kudus, ciyawa kore shar da itatuwan zaitun. Sunansa Ge-Hinnom, kwarin Hinnom. Littafin Tarihi ya ce sarakunan Yahuza biyu, Ahaz da Manassa, sun ƙone 'ya'yansu hadaya a wurin. Sarki Yosiya ya zo ya ƙazantar da wurin don kada a sake miƙa yaro ga gunkin Molek, Annabi Irmiya kuma ya ce rana na zuwa da za a kira shi Kwarin Kisa saboda gawawwakin da za su cika shi. Daga wannan suna aka sami Gehenna a Girkanci, kuma masana tarihin harsuna suna danganta Jahannam ta Larabci, wadda Hausa ta ara, da shi. Akwai wani labari da masu wa'azi ke so ƙwarai, wai kwarin juji ne da wuta ba ta mutuwa a cikinsa, nan ake zubar da shara da gawar masu laifi a zamanin Yesu. Labarin yana da daɗin wa'azi, amma mafi daɗewar inda aka same shi shi ne sharhin wani malamin Yahudawa, Dawud Kimhi, wajen shekarar 1200, fiye da shekara dubu bayan Yesu, kuma masu tonon ƙasa ba su ga shaidarsa ba. Abin da ya ɓata wa kwarin suna shi ne hadayar yara. A nan bautar gumaka ta shigo cikin labarin Jahannama da gaske, amma a matsayin laifin da ake hukuntawa.

Ayar ƙarshe ta littafin Ishaya (66:24) ta ƙara abin da ya rage: tsutsar da ba ta mutuwa da wutar da ba ta kasuwa. Sai dai a lura, gawawwaki Ishaya yake magana a kansu, waɗanda masu ibada za su fita su kalla. Gawa ba ta jin zafi. A riƙe wannan, za mu komo gare ta.

To me ya canja? A shekarar 586 kafin miladiyya Babilawa suka rushe Kudus suka kwashe manyanta. A 539 Sairus na Farisa ya ci Babila, Yahudawa suka zauna ƙarƙashin Farisawa shekara wajen ɗari biyu, har Iskandar ya zo a 332 ya buɗe zamanin Girkawa. A cikin waɗannan ƙarnoni ne maganar tashin matattu da hisabi da rabe nagari da mugaye ta bayyana ƙarara a rubuce-rubucen Yahudawa. Shi ya sa ido ke fara komawa kan Farisa. Majusawa sun yi imani cewa rai yana bi ta wata gada mai suna Cinwat bayan mutuwa, ta faɗaɗa wa nagari, ta tsuke wa mugu kamar bakin wuƙa ya faɗa Gidan Ƙarya. Mai karatu Musulmi zai ji ta yi masa kama da siraɗi, amma wannan wata magana ce ta daban. Kalmar Firdausi ma, da takwararta a harsunan Turai, daga tsohuwar kalmar Farisanci mai nufin lambu mai katanga suka fito. Cuɗanya dai an yi ta.

Amma hujjar Farisa tana da ɗingishi biyu. Na farko, littattafan da suka yi cikakken bayanin wannan lahira an rubuta su ne a ƙarni na 9 da na 10 bayan miladiyya, don haka da wuya a tantance wanne ra'ayi ne ya kai zamanin Sairus. Na biyu shi ne wanda masu zargi ba su cika faɗa ba. Wuta abu ne mai tsarki a wurin Majusawa, shi ya sa gidan azabarsu ya fi zama na duhu da wari da ruɓaɓɓen abinci da macizai. Kuma yana da ƙarshe. A cewar waɗannan littattafai, a ƙarshen duniya kowa zai ratsa kogin narkakken ƙarfe, nagari su ji shi kamar madara mai ɗumi, mugaye su sha zafi su tsarkaka, sannan a shafe gidan azabar gaba ɗaya. Idan daga Farisa aka aro, to dawwamar dai ba a cikin kayan ta zo ba.

Masar ma haka. Su ne suka zana ma'auni ana auna zuciyar mamaci da gashin tsuntsu, alamar gaskiya, wata dodanniya mai kan kada tana zaune a gefe tana jiran zuciyar da ta yi nauyi. A Littafin Matattu nasu akwai tafkin wuta da gwaggon birai huɗu ke gadi, abin da ke tuna wa mutum tafkin wuta na Wahayin Yahaya. Amma abin da Bamasare ya fi tsoro shi ne a shafe shi, ya mutu mutuwa ta biyu ya zama babu. Akwai dai wani labarin Masar da kamarsa da Linjila ta fi ƙarfin a ce katari ne. A wata takarda ta ƙarni na farko bayan miladiyya, wani ɗan sarki mai suna Setne ya leƙa ya ga ana kai attajiri makwanci da kuka da ƙasaita, ga kuma wani matalauci an naɗe a tabarma ba mai rakiya. Ya ce da ma ƙarshensa ya zama irin na attajirin. Ɗansa ya kama hannunsa ya kai shi lahira, sai ga matalaucin sanye da tufafin attajirin yana tsaye kusa da Osiris, allahn matattu na Masarawa, shi kuma attajirin an kafa turken ƙofa a cikin idonsa na dama, duk buɗewa da rufewa sai ya yi kururuwa. Tun 1918 wani masani Bajamushe, Hugo Gressmann, ya nuna kamar wannan da misalin attajiri da Li'azaru a Luka 16, kuma akwai makamantansa a cikin labaran malaman Yahudawa. Ga dukkan alamu tatsuniya ce da ta zaga yankin, Yesu ya ɗauki abin da masu sauraronsa suka sani ya juya shi inda yake so.

A ganina inda aron ya fi fitowa fili shi ne wajen Girkawa, kuma da tafinta aka fara. Sa'ad da Yahudawan Iskandariyya suka soma fassara littattafansu zuwa Girkanci a ƙarni na 3 kafin miladiyya, sai suka sa Hades a madadin She'ol. Babu wata kalma da ta fi ta kusa, amma Hades ba fanko ba ce. Sunan allahn matattu ne kuma sunan gidansa, gida mai koguna da alƙalai da mai jirgin fito. A waƙen Homer, babban mawaƙin Girkawa na da, yawancin matattu inuwoyi ne kawai kamar na She'ol, amma akwai 'yan kaɗan da ake gana wa azaba: Tantalus yana tsaye cikin ruwa har haɓa, da ya sunkuya zai sha sai ruwan ya janye; Sisifus yana tura dutse kan tudu, da ya kusa kaiwa sai ya gangaro. Can ƙasa kuma akwai Tartarus, kurkukun da Zeus, sarkin allolin Girkawa, ya jefa tsoffin allolin da ya ci da yaƙi. Wani mawaƙinsu, Hesiod, ya ce in aka saki maƙera daga doron ƙasa, sai ta kwana tara tana faɗuwa kafin ta isa. Wannan kalma ta shiga Sabon Alkawari sau ɗaya, a 2 Bitrus 2:4, inda aka ce Allah ya jefa mala'ikun da suka yi zunubi a Tartarus. Wanda ya rubuta ya san abin da masu karatunsa za su tuna.

Aflatun, wanda Turawa ke kira Plato, shi ya mai da tatsuniyar nan darasin adalci. Ya ce bayan mutuwa ana raba masu laifi kashi biyu: waɗanda za su gyaru, a hore su na wani lokaci su fito, da waɗanda suka wuce gyara, kamar azzaluman sarakuna, a jefa su Tartarus ba fita. Ƙarƙashin wannan duka akwai ginshiƙi guda: rai ba ya mutuwa, haka halittarsa take. Wannan shi ne aron da ya fi kowanne nauyi, ya fi koguna da alƙalai da karnuka masu kai uku. Domin idan rai ba zai iya mutuwa ba, to duk ayar da ta ce za a hallaka mugu dole a fassara ta da wani abu ban da hallaka. Bulus ya ce sakamakon zunubi mutuwa ne, ya ce Allah kaɗai ne marar mutuwa (1 Timoti 6:16). Yesu ya ce a ji tsoron wanda yake da ikon hallaka rai da jiki a Gehenna (Matiyu 10:28). Mai karatun da ya riga ya sha Aflatun zai karanta hallaka ya ji azabar da ba ta ƙarewa.

Ana iya ganin wannan sauyi da ido a cikin labari ɗaya da aka ba da sau biyu. A 167 kafin miladiyya sarki Antiyokus na Huɗu ya hana Yahudawa kaciya da Asabar, ya tilasta musu cin naman alade. Littafin Makabiyawa na Biyu ya ba da labarin wata uwa da 'ya'yanta bakwai da aka kashe ɗaya bayan ɗaya a gabanta don sun ƙi. Ɗaya daga cikin yaran ya gaya wa sarki cewa su Allah zai tashe su, shi kuwa ba shi da tashi zuwa rai. Iyakar hukuncin ke nan a wannan aya. Bayan ƙarni ɗaya ko biyu wani Bayahude da ya ƙoshi da falsafar Girka ya sake ba da labarin a Makabiyawa na Huɗu. A nan shahidan rashin mutuwa suke samu, sarkin kuma an yi masa alkawarin azabar wuta ta har abada. Uwa ɗaya, 'ya'ya bakwai ɗin nan dai, amma lahirar ta canja. Haka ayar Ishaya: littafin Yudit (16:17) ya ɗauki wuta da tsutsar, amma gawawwakin sun farka, suna kuka da zafi har abada.

Sai dai wannan labari yana nuna wani abu kuma da masu cewa duk aro ne suke tsallakewa. Ba sha'awar tatsuniyar Girka ce ta sa Yahudawa suka fara maganar hisabi ba. Tsohuwar koyarwa ta ce mai biyayya zai ga alheri a duniya. Yanzu ga mutane ana yanka su saboda biyayyar, azzalumi kuma yana mutuwa a kan gadonsa. In kowa She'ol ɗaya za shi, ina adalcin Allah? Daniyel 12:2, da yawancin masana ke dangantawa da waɗannan shekaru, ya amsa da cewa masu barci a cikin ƙura za su farka, wasu zuwa rai madawwami, wasu zuwa kunya da ƙasƙanci madawwami. Littafin Anuhu, wanda cocin Habasha ke lissafawa cikin littattafai masu tsarki har yau, tun kafin nan ya raba mazaunin matattu zuwa ramuka dabam-dabam, ya kuma yi maganar la'anannen kwari. Tambayar daga cikin gida ta taso, daga jinin da aka zubar. Kuma ko a zamanin Yesu ba a daidaita ba: a cikin ƙungiyoyin Yahudawa, Sadukiyawa sun ƙi tashin matattu sam, masanin tarihi Josefus ya ce Farisiyawa sun yarda da hukunci madawwami, daga baya kuma aka ruwaito daga Rabbi Akiba cewa hukuncin mugaye a Gehinnom wata goma sha biyu ne.

Gehenna ta zo sau 12 a Sabon Alkawari, 11 daga bakin Yesu, ɗaya a wasiƙar Yakubu. Bulus bai taɓa amfani da ita ba. Kuma abin da ke ciki gargaɗi ne gajere: wuta, duhu, kuka da cizon haƙora. Babu taswira, babu bayanin wane zunubi ke da wace azaba. Wannan sai a ƙarni na 2, a wani littafi da ake kira Wahayin Bitrus. A cikinsa masu saɓo an rataye su ta harshe, masu cin riba suna tsaye cikin tafkin mugunya da jini har gwiwa, masu kisa an jefa su cikin ramin macizai waɗanda suka kashe suna kallo. Kada a ɗauka littafin gefe ne. Kilemen na Iskandariyya ya kafa hujja da shi kamar nassi, wani tsohon jerin littattafan coci ya lissafa shi tare da cewa wasu ba sa so a karanta shi a taro, kuma a ƙarni na 5 ana karanta shi a wasu majami'un Falasɗinu ranar Juma'ar da ake tuna gicciye Yesu. Ya ɓace, sai a wajen 1886 aka tono wani yanki nasa a wani kabari a Akhmim ta Masar. Wani masani Bajamushe, Albrecht Dieterich, ya fito a 1893 ya ce wannan tsantsar lahirar Girkawa ce aka sa wa riga. Bayan shekara 90 wata masaniya, Martha Himmelfarb, ta nuna cewa salon yawon cikin lahira, da hukunta gaɓar da ta yi laifin, sun fi kusa da rubuce-rubucen Yahudawa. Amma sunaye ba sa ɓuya: akwai filin Elisiyum da tafkin Akerusiya a ciki, dukansu daga taswirar Girkawa. Abin sha'awa, a wani tsohon guntu na littafin, a wannan tafkin ne za a wanke 'yan wuta a fito da su idan zaɓaɓɓu suka roƙa musu.

Malaman coci na farko ba su ɓoye kamar ba. Jastin Shahidi, wanda aka kashe a Rum wajen 165, ya rubuta wa sarkin Rum cewa Aflatun ya ce Radamantus da Minos, alƙalan lahirar Girkawa, za su hukunta mugaye, mu ma haka muke cewa, sai dai Almasihu ne alƙalin kuma hukuncin madawwami ne, ba shekara dubu ba. Tartuliyan na Kartaj ya koka cewa in mun yi maganar Gehenna sai a yi mana dariya, alhali su ma suna da kogin wuta a lahirarsu. Amsarsu duka biyun ita ce, Girkawa ne suka sata daga Musa da annabawa. Tarihi bai goyi bayansu ba, tunda littattafan Musa ba su da kogin wuta. Tartuliyan ɗin nan da ya yi suna da tambayar me ya haɗa Atina, gidan falsafar Girka, da Urushalima, wato Kudus, shi ne kuma ya rubuta cewa zai iya kafa hujja da maganar Aflatun cewa kowane rai marar mutuwa ne. Jastin kuwa ya fi shi taka-tsantsan, ya ce rai yana rayuwa ne don Allah ya so, ba don halittarsa ba.

Ga inda zargin maguzanci yake juyowa ya sari mai riƙe da shi. A cikin malaman farko babu wanda ya sha falsafar Girka kamar Orijen na Iskandariyya, amma shi ne ya koyar da cewa wuta magani ce kuma a ƙarshe za a komo da kowa ga Allah. Giregori na Nisa ya bi wannan hanya, kuma har yau waliyyi ne a coci. Aka la'anci ra'ayin a 543 da umarnin sarki Justiniyan, aka kuma haɗa sunan Orijen cikin waɗanda majalisar Kustantiniyya ta 553 ta la'anta. Wato rai marar mutuwa ya haifi 'ya'ya biyu: in rai ba ya mutuwa, ko dai ya sha azaba har abada, ko kuma ya gyaru komai daɗewa. Ra'ayi na uku, na cewa mugu zai ƙone ya ƙare, Arnobiyus ɗan Afirka ta Arewa ya riƙe shi wajen shekarar 300, kuma mun ga Masarawa sun riga shi. Duk ukun ana iya samo musu dangi a gidan gunki. Saboda haka nuna cewa abu ya yi kama da na maguzawa bai isa ya raba gardama ba.

Agustin ma, in an yi masa adalci, ɗawisu ado ne a hujjarsa. Ƙashin bayanta Matiyu 25:46 ne, inda aka ce waɗannan za su tafi hukunci madawwami, masu adalci kuma rai madawwami. Kalma ɗaya ce, aioniyos, a jimla ɗaya. Ya ce in ta farko tana da iyaka, to ta biyun ma tana da shi. Masu ja da shi suna cewa kalmar tana iya nufin abin da ya shafi zamani mai zuwa, suna nuna Yahuza aya ta 7 inda aka ce Saduma ta sha hukuncin wuta madawwamiya alhali ba ta ci har yau, suna kuma tunatarwa cewa Agustin da kansa ya ce ya tsani darasin Girkanci yana yaro. Amma Wahayin Yahaya 14:11 da 20:10, masu maganar azaba da hayaƙinta har abada abadin, ba daga Homer suka fito ba, harshen Ishaya ne game da ƙasar Edom. Wanda yake son kawar da su sai ya yi aiki a kan nassin.

Sauran labarin na masu fassara ne da masu zane. Latin ta sa infernus a wurin She'ol da Hades. Turanci ya zo da tasa kalmar, hell, daga tsohuwar saiwar Jamusanci mai nufin ɓoyewa, 'yar uwar Hel, allahiyar matattu ta mutanen arewacin Turai, wadda gidanta ma sanyi gare shi. Fassarar Sarki James ta 1611 ta sa wannan kalma a wurin She'ol sau 31, ta sa kabari sau 31, rami sau 3, sannan ta zuba Hades da Gehenna da Tartarus a cikin kalmar nan guda. Wurare huɗu suka zama ɗaya a kan mai karatu. Fafaroma Giregori Babba, wajen 593, ya ruwaito cewa an ga an jefa ran sarki Tiyodorik cikin bakin wani dutse mai aman wuta kusa da Sisili. Dante kuwa, da ya rasu a 1321, bai ma ɓoye ba: Virgil, mawaƙin Rum mai bautar gumaka, shi ya ɗauka ɗan jagora, Karon ne mai jirgin fito, Minos ke yanke hukunci, kare mai kai uku na gadi, can ƙasan ƙasa kuma ƙanƙara ce. Hoton da ke kan yawancin mutane, na shaiɗanu da ƙaho da cokula masu yatsu, daga irin wannan gado ya fito. A Wahayin Yahaya Iblis ɗan kurkuku ne, ba gandiroba ba.

Sai a 1513 majalisar Katolika ta Lateran ta Biyar ta ayyana rashin mutuwar rai a matsayin aƙidar coci a hukumance, abin da Martin Luther ya yi wa ba'a a 1520. A 1955 wani malamin Furotesta, Oscar Cullmann, ya tsaya a Harvard ya kwatanta mutuwar Sukurat, da ya sha guba yana hira da almajiransa don yana ganin rai zai kuɓuta daga jiki, da ta Yesu da ya yi makyarkyata a Getsamani, ya ce begen Sabon Alkawari tashin matattu ne. Katekizim, wato littafin koyarwar Katolika, na 1992 ya riƙe dawwamar amma ya ce babbar azabar ita ce rabuwa da Allah har abada. Kwamitin aƙida na Cocin Ingila a 1995 ya bayyana ƙarshen mai ƙin Allah a matsayin zama babu. John Stott, malamin Cocin Ingila da aka sani da riƙo da nassi, ya ce a 1988 ya karkata ga ra'ayin hallaka, aka yi masa ca. A shekarar 2000 Ƙawancen Ibanjelika na Birtaniya ya fitar da rahoto ya ce azaba ta har abada ita ce ra'ayin gargajiya kuma na rinjaye, amma ra'ayin hallaka ma na 'yan gida ne, marasa rinjaye. Ɓangarorin biyu suna karanta Markus 9:48, inda Yesu ya maimaita tsutsa da wutar Ishaya, ɗaya yana ganin gawawwakin Ishaya, ɗayan yana jin kukan da ke cikin Yudit.